Baba Ashafa da Soron Gidan Kowa

Baba Ashafa ba ya iya wuce bango mai ciwo. In kuna tafe tare a lungunan unguwar Koki, kana tsakiyar ba shi labari, sai ka waiwaya ka ga kai kaɗai kake surutu. Yana can baya, ya tsaya gaban katangar mutanen da bai ma san su ba, yana ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa yana girgiza kai. Wani lokaci har sallama yake yi da maigidan ya ce masa, "Malam, bangonka na gabas ba zai kai damina biyu ba." Wasu su yi godiya, wasu su tambaye shi ina ruwansa. Ni dai na sha jin kunya a bayansa, shi kuwa ko a jikinsa.

Magini ne ɗan magini. Mahaifinsa, Mikail, yana cikin waɗanda ake nema idan attajiri yana son soro na gani na faɗa, irin zauren nan da ake lanƙwasa azara daga bango zuwa bango har ta haɗu a sama, babu ginshiƙi a tsakiya. Tun Ashafa bai kai shekara goma ba yake cura tubali yana cilla wa uban nasa sama. Ya taso ya iya aikin, sai dai ya iya shi a daidai lokacin da mutanen birni suka daina so. Bulo ya zo, kwano ya zo, kowa ya ɗan ji nauyin aljihu sai ya rushe ɗakin ƙasa ya ɗora na siminti, ya kwana yana fifita. Ashafa ya yi gadi, ya sayar da itace, har dakon siminti ya yi a kasuwar Ƙofar Ruwa, abin da yake cewa shi ne wulaƙanci mafi girma da duniya ta taɓa yi masa. A haka ya aurar da 'ya'yansa mata uku, ya binne matarsa, ya koma zaman ɗaki ɗaya a gidan ƙanensa.

A bayan layinsu akwai wani babban gida na wani attajirin goro da ya rasu shekara talatin da suka wuce. Magada sun haura arba'in, kuma tun ranar sadakar uku ba su sake zama inuwa ɗaya ba. Shari'a ta je ta dawo, alƙalai sun canja, wasu magadan sun mutu sun bar nasu magadan, gida kuwa ya zama kango. Ɓarayi suka cire ƙofofi da tagogi, unguwa ta mai da tsakar gidan juji, awaki suka kama ɗakuna, 'yan shaye-shaye suka kama saura. Abu ɗaya ne ya rage a tsaye da mutuncinsa, wato soron gaba. Mikail ne ya gina shi, kuma Ashafa yana cikin yaran da suka cura tubalinsa.

Wata rana da safe, yana da shekara sittin da ɗoriya, ya ɗaga kai ya hango 'yar cediya ta tsiro a kan rufin soron. Duk magini ya san ƙarshen wannan: saiwa ta ratsa ƙasa, ruwa ya bi saiwa, shi ke nan. Bai nemi izinin kowa ba, don ma wa zai tambaya cikin arba'in? Ya aro tsani ya hau ya tumɓuke ta, ya cike ramin. Washegari ya dawo ya ga wata tsaga. Jibi ya dawo da tsintsiya. Kafin wata biyu ya kwashe rabin jujin da baro, kuma 'yan shaye-shayen sun gaji da tsohon da ke gaishe su da sunan iyayensu kullum, sun sake matsuguni. Bai shiga gidan nan don ya mallaki komai ba. Abin da ya kai shi guda ɗaya ne, kada soron da ubansa ya gina ya faɗi yana raye.

Ni ne na biyu da na shiga, kuma ba don Allah na shiga ba. Sunana Auwalu, malamin firamare ne ni, ina da ƙungiyar wasan kwaikwayo da aka kore mu daga ajin da muke gwaji saboda mun karya benci. Na leƙa na tarar da tsoho yana shara, na tambaye shi ko za mu iya amfani da tsakar gidan. Ya ce, "Ni ma ba nawa ba ne. In za ku shiga, ku zo da tsintsiya." Daga mu sai wani mai zayyanar allo ya kama ɗaki, sai masu haɗa garaya da kalangu, sai matan da ke saƙar tabarma da faifai suka kama sashen ciki. Firdausi ta zo, wata yarinya da ta gama karatun zane ta rasa bangon da za ta shafa wa fenti ba a zage ta ba. Sadiƙ ya zo da kyamararsa da bakinsa, yaro mai kirki amma wanda ya yi imani duk abin da ya girme shi ya lalace. Sai kuma 'Yardada, tsohuwa mai sassaƙar ƙwarya, taubashiyar Baba Ashafa, wadda ta ce ta zo ne kawai don ta sa ido a kan bawanta. Yaran unguwa ne suka raɗa wa wurin suna Gidan Kowa, sunan kuwa ya bi shi.

Magada sun ji labari, ba shakka. Ɗaya ya zo ya yi ta kumfar baki ya ce mu fita kafin Juma'a. Kwana biyu sai ga wani, wanda ba ya ga maciji da na farkon, ya ce tunda wancan ya ce mu fita, to shi ya ce mu zauna. Haka muka rayu shekara da shekaru a tsakanin gabarsu. Baba Ashafa kuwa maganarsa ɗaya ce ga duk wanda ya zo: "Ba mu ci ba, ba mu sayar ba, ba mu ba da haya ba. Riƙo muke yi. Ranar da kuka haɗa kanku, za mu share mu ba ku."

Ranar da mai unguwa ya zo ya tambayi wane ne shugaban wurin, dukkanmu muka juya muka kalli Baba. Shi kuma ya juya ya kalli bayansa, kamar akwai wani a can. Bayan mai unguwa ya tafi ya tara mu ya ce rigimar wa zai zama babba ita ta mai da gidan nan juji, shi ba zai sake shuka ta ba. Ya ce kuma in babu shugaba, ranar da aka zo kamu sai dai a kawo babbar mota. Daga nan aka kafa tabarma. Duk Alhamis bayan la'asar a shimfiɗa ta a cikin soro, maza gefe, mata gefe, a kawo dabino a raba. Kowa ya faɗi abin da ke ransa, in an kasa daidaitawa a ajiye ƙwarya biyu, kowa ya jefa ƙwallon dabinonsa a wadda yake so. Wadda ta fi yawa ita ce magana, ko da ta yi wa mutum ɗaci. Da haka ake raba ɗakuna, da haka ake tsara ranar shara da ranar wasa, da haka aka taɓa hana ni gwajin ganga lokacin barcin rana, abin da har yau nake ganin zalunci ne.

Sadiƙ ya taɓa nuna masa a waya cewa a wani gari can ƙasar Norway akwai irin gidanmu, wasu masu zane da kiɗa sun shiga ginin da aka yasar suna tafiyar da shi babu shugaba. Baba ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo. Bai tambayi kiɗansu ba, bai tambayi gwamnatinsu ba. Cewa ya yi, "Wannan bangon nasu wa yake yi musu yaɓe?"

Yaɓe shi ne harajin zama a Gidan Kowa. Ginin ƙasa yana son a sake shafe shi kafin kowace damina, don haka duk shekara, a tsakiyar zafin bazara, sai an yi mako guda ana kwaɓa ƙasa da ƙafa, ana jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ke sa yaɓe ya ƙi ruwa, ana hawa ana shafawa. Makuba wari gare ta, kuma in ta kama farce sai ta yi wata. Shekarun farko mun yi da waƙa da raha. A shekara ta biyar kowa ya fara ciwon baya tun kafin a sa rana.

A shekarar ne wani ɗan kasuwa, wanda 'yarsa ke koyon zane wajen Firdausi, ya aiko mana da siminti kyauta, tuli guda, ya ce a gyara gaban gida. Sadiƙ ya kawo magana kan tabarma: a shafe soron da siminti ciki da waje, a huta da yaɓe har abada. Firdausi ta goyi baya, don fenti ba ya zama a kan ƙasa, ita kuwa ta daɗe tana mafarkin bangon nan mai kallon layi.

Baba Ashafa ya bari kowa ya gama sannan ya ce, "Ƙasa numfashi take yi. In ta sha ruwa, rana ta fito, sai ta bushe. In kuka rufe ta da siminti, wata rana zai tsage, ko da kamar gashi. Ruwa zai shiga, ba zai samu hanyar fita ba. Daga waje ku ga bango sumul, ciki kuwa kunu."

"Haba Baba," in ji Sadiƙ, "duk garin nan siminti ake yi. Mu kaɗai ne masu wayo?"

"Duk garin nan kuma bango faɗuwa yake yi. Kai dai ba ka zagayawa da damina."

Aka ajiye ƙwarya. Ƙwallo goma sha tara suka faɗa ta siminti, uku ta yaɓe: nasa, na 'Yardada, da na mai zayyana. Nawa yana cikin goma sha taran. Ba wai ban yarda da tsohon ba ne, na yarda da shi sarai. Ƙyuya ce kawai, na tuna rana da warin makuba, hannuna ya tafi inda ya tafi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka yara ne kaɗai suka yi wautar.

Da aka watse na ji 'Yardada ta tare shi a bakin ƙofa, ba ta ko rage murya ba. "Kai bawan nan, yaushe ka zama solobiyo? Kai ka fara shiga gidan nan. Soron ubanka ne. Ka ce ba ka yarda ba mana, mu ga wanda zai ɗaga maka yatsa!"

"Ba na ubana ba ne, 'Yardada, gina shi ya yi. Kuma da bakina na ce tabarma ce shugaba. In na tsallake ta yau don na san ina da gaskiya, gobe wani zai tsallake ta don yana zaton yana da ita."

"To sai ka zauna ka ga ya faɗi?"

"Sai in zauna in ta faɗa musu."

Ranar da masu siminti suka zo, bai ƙaurace ba. Bai taɓa cokalin gini ba, amma shi ya yi ta jido musu ruwa, yana tafe yana ɗingishi, don gwiwoyinsa sun fara ba shi matsala. Na ga lokacin da aka shafe wani ɗan zane da ke saman ƙofa, wanda Mikail ya yi da yatsunsa. Baba ya ajiye bokiti ya tsaya har aka gama rufe shi, sannan ya ɗauka ya koma rijiya. A ranar na ji haushinsa ƙwarai. Da ya yi faɗa, da ya zage mu, da na samu abin da zan kare kaina da shi.

Gaskiya soron ya yi kyau. Firdausi ta zana masa mata masu tallar fura da rini da tsuntsaye, launi kamar ka lasa. Amare suka riƙa zuwa ɗaukar hoto, baƙi suka yawaita a wasanninmu, bazara ta zo ta wuce ba wanda ya kwaɓa ƙasa. Damina ɗaya ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Sau biyu Baba yana kawo magana kan tabarma cewa a ɓamɓare simintin tun da sauran dama, ya ce ƙarar bangon ta canja. Sau biyu ana kayar da shi, na biyun ma har da dariya. Sadiƙ ya riƙa tsokanarsa, "Baba, yaya kunun namu, ya yi kauri?" Shi kuwa sai ya ce, "Yana kan wuta."

A damina ta uku, cikin watan Agusta, aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar Juma'a da hantsi, ruwa ya ɗan tsagaita, ina aji sai aka aiko a kira ni. Na tarar da layin cike da mutane. Fuskar simintin ta ɓallo gaba ɗaya ta kife a ƙasa, matan Firdausi da tsuntsayenta sun farfashe cikin taɓo. Abin da ke bayanta ba bango ba ne, caɓi ne. Kusurwar gabas ta zauna, azara ta fito tsirara, rufin ya sunkuyo ta gefe ɗaya. Allah ya taƙaita, ba kowa a wurin lokacin da abin ya faru.

Aka buɗa wa Baba hanya. Ya durƙusa da ƙyar, ya damƙi ƙasar bangon ya matse, ruwa ya biyo tsakanin yatsunsa. Muka tsaya muna jiran abin da ya cancance mu. Firdausi tana kuka, Sadiƙ ya kasa ɗaga kai. Ni kam ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na gwammace ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya goge hannunsa a riga ya ce, "Ku nemo itatuwa masu kauri guda shida a tokare rufin. Yanzu, ba anjima ba." Abin da ya faɗa ke nan. 'Yardada ce ta biya mana bashin zagin, ta yi mana tas, ɗaya bayan ɗaya, da suna.

Mai unguwa ya zo da yamma, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce layin nan hanyar yara ce zuwa makaranta. Ya ba mu zuwa farkon damina mai zuwa: ko soro ya tsaya da ƙafarsa, ko ya sa a ture shi kafin ya kashe ɗan wani.

Nan fa ake yin ta. Baba Ashafa ya haura saba'in, gwiwa ta ƙi tsani, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya aika neman abokan aikinsa biyu da suka rage, aka dawo aka ce ɗaya ya rasu bara, ɗayan yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye. Masu bulo da muka tambaya suka ce a rushe kawai a yi sabo. A Alhamis ta gaba ya dube mu, masu wasan kwaikwayo da makaɗa da masu zane, mutanen da ba mu taɓa ɗora ko akurkin kaji ba, ya ce, "To, ku za ku gina." Sadiƙ ya miƙe ya ce a naɗa Baba shugaba har a gama aiki, kowa ya ce ya yarda. Baba ya ce shi bai yarda ba, kuma ba a naɗa mutum dole. "Ku tambaye ni in faɗa muku. In kun ga dama ku ji. Ai kun ga yadda rashin ji yake."

Da ruwa ya ɗauke muka fara. Aka ɓamɓare sauran simintin, aka sauke ɓangaren da ya ruɓe har gindi. Aka kawo jar ƙasa a kura, aka zuba mata ruwa da ciyawa, muka shiga da ƙafa muna takawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake takawa. Matan sashen ciki suka karɓi curin tubali, suka fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Baba yana zaune a kan turmi a inuwa, duk tubalin da ya bushe sai ya bi ta hannunsa. Ba ya gani sosai, amma yatsunsa ba sa kuskure. Ya shafa, ya jinjina, ya ajiye dama ko ya wurgar hagu. Nawa yawanci hagu suke tafiya. "Malam Auwalu," in ji shi wata rana, a gaban ɗalibaina, "wannan tubali ne ko ɗanwake?" Haƙurin da ya yi da mu a kan tabarma bai kawo shi wajen aiki ba. Sau uku yana sa a rushe layin da aka yini ana ɗorawa, don ya shafa ya ji ciki ya fito.

Sadiƙ ne ya hau sama. Ba wanda ya sa shi. Ya ajiye kyamara, ya daina surutu, ya yi wata huɗu a kan bango har fatarsa ta yi baƙi ƙirin, tafin hannunsa ya tsattsage. Wurin da ya fi wuya shi ne ɗaure azara, a jera ta gaɓa-gaɓa tana ɗan leƙowa ciki har ta sadu da 'yar'uwarta ta ɗaya bangon. Baba yana ƙasa yana kwatance da sanda, Sadiƙ yana sama yana cewa, "Haka, Baba?" shi kuma yana cewa, "Ina zan sani, ina ganin ka ne? Faɗa mini abin da hannunka ya ji." Firdausi kuwa, ranar yaɓen ƙarshe, ta sa yatsa a ɗanyar ƙasa don ta goge wani tabo, sai ta ga layi ya fito. Ba ta sauko ba sai da ta zane saman ƙofar gaba ɗaya, babu fenti ko ɗigo.

Da aka cire itatuwan tokare, rufin ya tsaya. Amma kowa yana ganin gefen da muka gina ya ɗan karkace, bai yi daidai da na Mikail ba. Sadiƙ ya fi kowa gani. Ya ce a sauke a sake, Baba ya ce lokaci ya ƙure, ga gajimare ya fara taruwa. Mai unguwa ya zo ya duba, ya taɓe baki ya ce ruwan farko ne zai yi hukunci, kuma ranar kada yaro ya bi layin.

Ruwan ya zo wata Talata bayan azahar. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso, muka kwashe kaya daga soro muka koma ɗakunan ciki masu rufin kwano. Ina ƙirga mutane sai na ga babu Baba. Na koma da gudu na same shi ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar soron, daidai ƙarƙashin inda sabuwar azara ta haɗu da tsohuwa, ya miƙe ƙafa yana jan carbi.

"Baba, tashi mu shiga ciki. Hadarin nan ba na wasa ba ne."

"Mahaifina ba ya karɓar sannu da aiki sai ruwan farko ya same shi a ƙarƙashin abin da ya gina. In zai faɗi, ya fara da shi."

"To ai ba kai ka gina ba! Mu muka gina, kuma ka san mu."

"Na san ku," ya ce. "Shi ya sa na zauna."

Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Ina da 'ya'ya huɗu, na kuma san irin tubalin da na cura. Ruwa ya fara sauka da ƙarfi. Sai ga Sadiƙ ya ratsa ta gefena, ya je ya zauna kusa da tsohon ya haɗa gwiwa. Firdausi ta biyo, ta zauna ta ɓangaren mata. Sai mai zayyana, sai makaɗa. 'Yardada ta shigo tana jan zane tana masifa, wai in dai bawanta zai mutu to sai ta tsaya ta ga an raba gadonsa daidai. Da na ga saura ni kaɗai, na yi bisimilla na shiga.

Ruwa ya yi ta dukan rufin, tsawa tana yi, kowa ya ɗaga kai yana kallon sama, ban da Baba da ba ya ganin komai a can. Aka daɗe. Can sai ɗigo ya faɗo ta gefen da ya karkace, tal, a kan tabarma. Wani ya biyo. Sadiƙ ya zabura zai miƙe, tsohon ya dafa masa gwiwa.

"Ɗaya ne ko da yawa?"

"Wuri ɗaya ne, Baba."

"Da ƙasa a cikinsa, ko ruwa ne zalla?"

Sadiƙ ya tara hannu, ya duba, ya ce zalla ne.

"To a sa ƙwarya." 'Yardada ta tura ɗaya daga cikin nata. Muka zauna muna jin ɗigon yana sauka a ciki har ruwan ya fara sassautawa, haske ya dawo ta ƙofa. Rufin yana nan inda muka bar shi. Baba ya lalubi sandarsa, ya juya wajen Sadiƙ ya ce, "Gobe in rana ta fito, magini ya hau ya toshe wajen nan. Sannu da aiki."

Sai Sadiƙ ya tashi ya fice cikin sauran yayyafin, wai zai duba indararo.